Lura da Tsabtar Ruwan Rafukan Abuja: Jawabi ga Masu Aikin Sa Kai



Tun da aka kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kuma mayar da mazaunin Gwamnati Abuja a watan Disamba 1991, jama'a ba su daina kwararowa ba. Madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa tana ba tsakiyar birni ruwan famfo, amma a ƙauyuka da unguwannin gefe da yawa har yanzu rafi shi ne wurin wanki da wanka da ban ruwan lambu, wani lokaci ma har da sha. A cikin rafukan nan kuwa ake zubar da shara da baƙin mai da ruwan masai. Abin da aka zuba a birni yana iya gangarawa Kogin Usuma, ya ratsa Gwagwalada, ya faɗa Gurara. Watau ƙazantar wani ita ce ruwan shan wani.

Illar wannan ba a ɓoye take ba. A 2021 cutar kwalara ta hallaka mutane fiye da 3,000 a Nijeriya, Babban Birnin Tarayya kuwa yana cikin wuraren da ta taɓa. Hukumar Kare Muhalli ta Abuja da Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, suna da ma'aikata, amma ba za su iya tsare bakin kowane rafi kullum ba. Nan ne amfanin masu aikin sa kai yake, ko ɗalibai ko masu yi wa ƙasa hidima ko ƙungiyoyin unguwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya saba da rafi shi zai fara ganin ranar da ya sāke.

Aikin ba wuya gare shi ba, amma yana son tsari. A zaɓi wuri ɗaya, a riƙa zuwa sau ɗaya kowane wata, a lokaci guda. A rubuta kwanan wata da launin ruwan da warinsa, da ko an yi ruwan sama jiya, da ko akwai kumfa ko mai ko matattun kifaye. Sa'an nan a auna tsaminsa da takardar gwaji. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta ce ma'aunin tsami, watau pH, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita guda, ƙwayar E. coli kuwa kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100. Ido ba ya ganin wannan ƙwaya, saboda haka ruwa yana iya zama garau alhali kuwa da cuta a cikinsa. Sai an ɗebi ruwan a kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cutarta, a sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaje-gwaje a ranar, in da hali cikin awa 6. Awo guda ba ya nuna kome sosai. Littafin shekara guda shi ne shaidar da hukuma za ta iya aiki da ita.

Sai dai fa ba wata kwalbar ruwa da ta kai ran mutum. Lalle ne a kiyaye waɗannan sharuɗɗa. Na farko, kada kowa ya tafi rafi shi kaɗai. A je mutum biyu ko uku, a kuma sanar da na gida. Na biyu, kada a sauka kwari in hadari ya taso. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan da aka yi a kan duwatsu yana iya cika rafi cikin 'yan mintoci, ko da ba a yi ko ɗigo a wurin da ake tsaye ba. Ambaliyar unguwar Trademore da ke Lugbe a watan Yuni 2023 ta isa darasi. Na uku, a sa dogon takalmin roba da safar hannu, a ɗebi ruwa daga gaɓa da guga da igiya. Tsutsar tsargiya, wadda ke fitowa daga dodon koɗi, ta fatar jiki take shiga. Mai rauni a hannu ko ƙafa kada ya taɓa ruwan sam. Na huɗu, a kula da macizai da fasassun kwalabe da gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta. Na biyar, ba ci ba sha a wurin aiki sai an wanke hannu da sabulu. Yara kuwa sai da babba tare da su.

Idan aka tarar ana zubar da wata ƙazanta, kada a yi jayayya da masu zubarwa, kada kuma a buɗe duro ko buhun da ba a san abin da ke ciki ba. A rubuta wuri da lokaci, a kai wa mai unguwa da Hukumar Kare Muhalli rahoto. In haɗari ya auku, a kira lamba 112.

Ana roƙon shugabannin makarantu da limamai da masu unguwanni su ƙarfafa wa matasa gwiwa kan wannan aiki, su kuma tabbata kowa ya koma gida lafiya. Allah ya ba da sa'a, amin.