Mu Hau Dutse Mu Ga Hanyar Ruwa



Yau maganarmu a kan duwatsun nan ne da suka kewaye mu. Da sunansu a ke kiran garinmu, watau Dutse. Kullum muna ganinsu, muna wucewa ta gindinsu in za mu gona ko kasuwa. Amma in muka ce wanda ya taɓa hawa har ƙoli tun da ya girma ya ɗaga hannu, kaɗan ne za su ɗaga. Wani zai ce hawan dutse ai aikin awaki ne da yaran da ke kiwonsu. Wani zai ce magidanci da gemunsa, me zai je nema can sama, ba gona ba rijiya? To, abin da za mu je nema shi ne gani, kuma gani ya kori ji.

Ku lura da wannan lissafi. Duniya a dunƙule ta ke kamar ƙwallo, saboda haka ƙasa tana lanƙwasawa ta ɓoye abin da ke nesa. Mutumin da ke tsaye a fili, ko babu itace ko gini a gabansa, iyakar ganinsa kamar kilomita 5 ne. In ya hau abin da tsayinsa ya kai mita 100, ganinsa sai ya kai kamar kilomita 35, in sama ta yi garau. Ido ɗaya ne, matsayi ne ya sake.

Mutanen da sun san wannan ba tare da lissafi ba. Tsofaffi sun ce wani maharbi ne ya fara zama a nan, don ya tarar da gada da yawa a tsakanin duwatsu, daga nan a ke cewa Dutse Gadawur. Da mutane suka yi yawa sai suka kafa Garu a cikin lungun duwatsu, inda fadar Sarki ta ke har yau. Don me ba su zauna a fili ba, inda noma ya fi sauƙi? Don zamanin yaƙi ne. Mutum ɗaya a kan dutse yana hango ƙurar dawaki tun suna nesa, ya yi kururuwa, na gona su sheƙo gida, a rufe ƙofa. Tarihin Kano ya ba da labarin Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743. Ya kawo wa Dutse yaƙi a zamanin Ada, aka gwabza ƙwarai, amma ya koma bai shiga garin ba. Kano ma kanta a gindin Dala aka kafa ta.

Yanzu babu mahara a kan dawaki. Abin da ke kawo mana hari a zamanin nan shi ne ruwa, kuma shi ma daga sama a ke gane hanyarsa.

Ga yadda abin ya ke. Ruwan sama in ya sauka a kan jigawa, yashi yana shanye shi. In ya sauka a kan dutse kuwa, ba shi da wurin nutsewa, sai ya gangaro gaba ɗaya da ƙarfi. A gindin dutse ya kan taru ya bi kwari, kwari ya kai shi rafi, rafi ya kai shi fadama. Wannan alheri ne. Shi ya sa gindin duwatsu ba ya rasa laima, dabino da mangwaro suna jin daɗin wurin. Ƙasarmu ta yi suna wajen dabino, har gwamnatin tarayya tana da tashar binciken dabino a nan Dutse. Amma ruwan nan da ke shayar da dabino shi ne kuma ke yanka kwazazzabo cikin gona, shi ne ke cin gindin katanga. Mutumin da ke ƙasa ba ya ganin hanyar ruwa da rani, don ta bushe, ta yi kama da fili mai kyau. Sai ya saye ta da arha, ya yi murna, ya gina ɗaki uku. In watan Agusta ya zo ruwa ya dawo hanyarsa, ba ya tambayar wa ya ba da kuɗi. Daga kan dutse kuwa hanyar nan a bayyane ta ke ko da rani. Za ku ga wani farin layi na yashi yana karkacewa, itatuwa sun yi jeri a gefensa, sun fi sauran duhu. Ko yaro ya gani zai gane.

Ruwan ƙasarmu, wanda rana ba ta shanye ba kuma ƙasa ba ta haɗiye ba, arewa maso gabas ya ke nufa. Can arewa da mu akwai Kogin Haɗeja. Kogin Kano da Kogin Calawa ne suka haɗu suka haife shi, ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗeja. Can gaba ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, su faɗa Tafkin Cadi. Daga kan duwatsunmu ba za mu hango babban kogin ba, ya yi nisa. Amma abin da za mu gani a ƙananan kwaruruwanmu shi ne ke faruwa can, sai dai can ya fi girma. Duk mun tuna ambaliyar 2022, yadda ta ci gidaje da gonaki da rayuka a Jihar Jigawa, har aka kwashe mutane aka zaunar da su a makarantu. Ba mu ce hawan dutse yana tsare ambaliya ba. Ruwa na Allah ne. Amma zaɓen wurin gini namu ne, kuma garin nan yana ta faɗi tun ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yi Jihar Jigawa aka mai da shi babban birninta. Gonakin jiya sun zama unguwanni. In kun hau za ku gani da idonku: ga Garu a tsuke cikin duwatsu, ga sabon gari ya malala cikin fili da farin kwano.

To, yaushe za a hau? Ba da hunturu ba, hazo zai rufe kome, ku sha wahala a banza. Da bazara kuma dutse ya kan yi zafi kamar tanda tun hantsi. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, sama ta wanku, hatsi ya fid da kai, fadama da sauran ruwa tana walƙiya. A tashi bayan sallar asuba, a sauko kafin rana ta take.

Kada kowa ya hau shi kaɗai. A sami mutum huɗu ko biyar, a ciki da wanda ya san hanya, kuma yaran da ke kiwo sun fi kowa saninta. A gaya wa mai unguwa, a gaya wa mutanen gida. A riƙe sanda da gorar ruwa. Takalmi ya zama mai kama ƙafa, ba silifa ba. Babbar riga a bar ta a gida, iska tana shiga cikinta. A hau sannu, ana hutawa, don sannu ba ta hana zuwa. Dattijon da ke fama da haki ko jiri ya tsaya a rabi, can ma zai ga abin da bai taɓa gani ba. Ku sani kuma saukowa ta fi hawa haɗari, don ƙafa ta gaji, ido yana kallon gida. Dutsen da ruwa ya jiƙa yana da santsi kamar an shafa masa kuka. In kuwa hadari ya taso, a sauko nan da nan, gama tsawa abin da ya fi tsayi ta ke nema, kuma a kan ƙoli kai ne ka fi tsayi.

Kada a sa hannu cikin kogo ko ƙarƙashin falalen da ido bai gani ba. Nan ne ɗakin kunama da kububuwa, wani wurin kuma zuma ce. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da an biya wani wuri ba.

Akwai kuma ladabin dutse, wanda a wurinmu ya fi takalmi da gora muhimmanci. Wanda ya hau sama yana ganin tsakar gidan mutane, inda iyali ke harkarsu ba su san da shi ba. Katangar da mai gida ya yi ba ta tsare ido daga sama. Mutumin kirki ya kan kau da kai, ya kai ganinsa nesa. Kada a nuna gidan kowa da yatsa, kada a juya waya wajen a ɗauki hoto. Kada kuma a gangaro da dutse don wasa, akwai mutane da dabbobi a ƙasa.

Sa'an nan ga wata magana musamman dominku. Sabon mai koyon rubutu hannunsa ƙaiƙayi ya ke yi. Duk inda ya ga fili sai ya so ya rubuta sunansa, a bango, a ƙyaure, har a jikin buhu. Wannan ba laifi ba ne, amma ban da jikin dutse. Kudu da mu, a Birnin Kudu, akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da can suka zana shanu a jikin kogo. Shanun nan ba su da tozo, ba irin namu na yanzu ba ne. A nan kuma akwai duwatsun da in an buga su sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu wajen 1956, yanzu kuma suna cikin kayan tarihin da gwamnatin Nijeriya ke tsarewa. Zanen da ya daɗe haka rana da ruwa ba su gama da shi ba, gawayi ɗaya a hannun mai gaggawa ya isa ya ɓata shi. Wanda ya sami zuwa ya kalla da ido, hannu a baya.

Rubutu a takarda za mu yi shi. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar asuba. Kowa ya zo da fensir da takarda ɗaya. In mun kai sama, mu fuskanci inda rana ta fito, mu rubuta GABAS a bakin takarda, can ne wajen Kiyawa. Bayanmu YAMMA, wajen Kano. Dama KUDU, hagu AREWA. A tsakiya mu yi ɗan da'ira, shi ne dutsen da mu ke kai. Daga nan kowa ya nemi unguwarsu ya sa alama, ya nemi gonarsa ya sa alama, sa'an nan ya ja layi ya bi hanyar ruwa tun daga gindin dutse har inda ta ɓace masa. Wannan shi a ke kira taswira. Wanda ya ga layin ya ratsa ta kan gidansa, ko ta filin da ya ke shirin saye, ya kawo takardarsa aji ranar Litinin mu duba tare.