Daga Filin Kaladan Zuwa Gidan Kallo: Ƙwallo da Sauyin Rayuwa a Tamale



An nemi in yi magana a kan alaƙar wasanni da sauyin al'umma. Zan tsaya a kan ƙwallon ƙafa a nan garinmu, domin abin da ya same ta cikin shekara hamsin ɗin nan shi ne ya sami Tamale kanta.

A da, wasa na unguwa ne. Yara na langa a dandali, samari na kokawa bayan girbi, dattawa na dara a gindin bishiya, ranar Damba kuma mahaya su nuna bajintarsu a kan dawaki. Ƙwallo ta shigo ta makarantun boko, amma ba ta zama ta gari ba sai da aka kafa Real Tamale United (RTU) a 1976, kuma marigayi Alhaji Aliu Mahama na cikin waɗanda suka kafa ta. A lokacin, manyan ƙungiyoyi na kudu suke, Asante Kotoko a Kumasi, Hearts of Oak a Ankara. Arewa kuwa an fi saninta da tura ƙarti gonakin koko da ramukan zinariya. Saboda haka duk ranar da RTU ta tari Kotoko a filin Kaladan, maganar ta wuce wasa, maganar mutuncin Arewa ce. Mahauci ya rufe tebur da wuri, tela ya ajiye keke, a tsaya cikin rana da ƙura kafaɗa da kafaɗa: Badagombe, Bagonje, Bahaushen zango, Musulmi da Kirista, ihu ɗaya suke yi. A rigar wannan ƙungiya Abedi Pele ya yi suna, har ya tafi Libiya a 1982 yana ɗan shekara 17, Gana ta ɗauko kofin Afirka. Shi ne daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, daga 1991 zuwa 1993.

A 2008 aka kawo mana gasar kofin Afirka har gida. Aka gina filin da ke ɗaukar mutum kusan 20,000, wanda yau ke ɗauke da sunan Aliu Mahama. Tunisiya, Angola, Senegal da Afirka ta Kudu duk sun buga a nan, kuma a nan Kamaru ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2. Amma shekara biyar bayan haka, a 2013, RTU ta faɗi daga babban rukuni. Ta dawo a 2021, ta sake faɗuwa a 2024.

Shin basira ce ta ƙare? Ko kaɗan. Mubarak Wakaso, Abdul Majeed Waris, Baba Rahman da ya je Chelsea a 2015, da Abdul Fatawu Issahaku da aka zaɓa gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Muritaniya a 2021, duk haifaffun Tamale ne. Sai dai duniya ta san su ne cikin rigunan wasu garuruwa. Yaro na nuna ƙafa, dillalai sun gan shi, ya yi kudu, daga can sai Turai. Ba na ganin laifin yaron, don neman halak yake yi wa iyayensa. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, har yanzu muna haifar 'yan wasa, amma mun daina riƙon ƙungiya.

Ku leƙa gidan kallo a Aboabo ko Sabonjida ranar Asabar da yamma. Janareta na ruri, benci ya cika, yaro ya san 'yan wasan Arsenal har da na benci, amma bai san mai tsaron gidan ƙungiyar garinsu ba. Ido ɗaya na kan talabijin, ɗaya na kan waya, domin ya zuba kuɗin cinikin ranar a caca. In an ci ƙwallo, ba murnar ƙungiya yake yi ba, lissafin takardarsa yake. Iyayena malamai, wa'azi a kan haramcin caca wajibi ne, amma saurayin da ba shi da aiki, ba shi da filin da zai huce gajiya, wa'azi kaɗai ba zai raba shi da ita ba. Filayen da muka taka leda a cikinsu muna yara, da yawa an yanka su fuloti, gari ya faɗaɗa, wurin wasa ya tsuke.

Akwai kuma sauyin da ya kamata mu yi alfahari da shi. A da, yarinyar da ta taɓa ƙwallo sai an kai ƙararta gida. A 2018, Mukarama Abdulai, 'yar garin nan da ta fito daga Northern Ladies, ta ci ƙwallo 7 a gasar kofin duniya ta mata 'yan ƙasa da shekara 17 a Uruguwai, ta lashe kyautar takalmin zinariya. Wannan ya nuna cewa idan iyaye suka aminta da tarbiyyar wuri, suna sakin 'ya'yansu.

Ina da roƙo uku. Ga sarakuna da hukumar birni: duk sabuwar unguwar da za a yanka, a ware filin wasa a rubuce kamar yadda ake ware na masallaci da makaranta. Ga malamai: a raya gasar makarantu, har da na Islamiyya, a kuma ɗaure wasa da karatu, domin cikin yara masu yawa kaɗan ne ƙwallo za ta ciyar. Ga 'yan kasuwa da sauran jama'a: mu sayi tikiti mu shiga filin gida, mu tallafa wa ƙungiyoyinmu na maza da na mata don su iya biyan 'yan wasa albashi a kan kari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu wanda zai zo daga Ingila ya riƙe mana ƙungiyarmu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Dagbon da Gana baki ɗaya lafiya.