Aikin Mulki da Iyakarsa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne aikin mulki, watau abin da ma'aikacin hukuma ya ke zartarwa bisa ikon da doka ta ba shi. Aikin hukuma kashi uku ne. Majalisa ita ke yin doka, alƙali shi ke yanke shari'a tsakanin masu jayayya. Sauran duka, tun daga sa hannun Gwamna har zuwa hatimin da malami ya ke bugawa a takardar shaidar asali, aikin mulki ne. Ba da lasin, da ƙwace shi, da sallamar ma'aikaci, da rushe gini, duk suna ciki. Har ƙin yin abin da doka ta wajabta, kamar a danne takardar talaka a ofis wata da watanni, shi ma yana cikin lissafi.

A zamanin En'e waɗannan ayyuka uku kusan a hannu ɗaya su ke. Sarki da majalisarsa su kan kafa ƙa'idodi bisa Dokar En'e ta 1954, ga kotun Sarki, ga 'yan doka, ga gidan yari. A kan wannan tsari aka horar da hakimai da malamai da yawa a Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, nan Zariya. Amma a 1968 kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha, a 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e, a 1979 kuma aka soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Abin da ya rage a hannun hakimi shi ne sulhu, da ba da shaida, da kai rahoto, da shawara. Wanda ya zarce nan lalle ya shiga gonar wani.

Kafin a zartar da abin da zai taɓa haƙƙin mutum, sai a yi tambaya uku. Ta farko, wace doka ta ba da ikon? Ta biyu, an saurari mutumin, wanda ya saurare shi kuwa ba shi da moriya a cikin maganar? Ta uku, an rubuta dalili? In ɗaya ta rasa amsa, Babbar Kotu tana iya rushe aikin, kome girman wanda ya yi shi.

Ga misali sananne. A watan Janairu 1980 Ministan Harkokin Cikin Gida ya ba da odar a fitar da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Borno, zuwa ƙasar Chadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Ba a ji ta bakinsa ba aka tsallakar da shi iyaka. Babbar Kotun Maiduguri ta soke odar, ta ce a biya shi diyya. To, in sa hannun Minista bai tsira ba, ina ga hatimin gunduma?

Inda wannan magana ta fi shafarku, musamman wajen Shika da Samaru da Sabon Gari inda gonaki ke komawa fulotai, shi ne sha'anin ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Gwamna ba shi soke mallakar da ba ta saɓa sharaɗi ba sai don amfanin jama'a, da sanarwa a rubuce, da diyyar abin da aka gina ko aka shuka. Dokar ba ta ba hakimi ikon raba fili ko ƙwace shi ba. Saboda haka takardarku shaida ce kurum, kada a rubuta ta kamar kyauta.

Ku malamai, kowace takarda ku sa mata kwanan wata, da sunan wanda ya ba da umurni, da dalilinsa, sa'an nan ku ajiye kwafe. Wanda ya zo da kuka, ku nuna masa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba ta karɓar ko kwabo. Wannan shi ke tsare talaka, shi ke kuma tsare mutuncin hakimi ranar da aka zo bincike.

Allah shi ba mu ikon riƙon amana, amin.