ƘUNGIYOYIN ƊALIBAI MATA A JAMI'O'IN AMURKA: SUNA ƘARA KARATU KO SUNA RAGE SHI?

'Yan uwa, maganarmu ta yau a kan jami'o'in Amurka ce, amma in kun saurara za ku ga akwai darasi a ciki ga duk mai riƙe da littafi.

A can akwai wasu ƙungiyoyin ɗalibai mata da ake ce wa sororiti. Sunayensu haruffan Girka ne, suna da al'adunsu na sirri, ana biyan kuɗin ƙungiya, da yawa ma gida ɗaya suke kwana. Ba kuma shiga ake yi kawai ba, zaɓen mutum ake yi.

To, daga ina abin ya faro? A 1867 Jami'ar Indiana Asbury ta fara ɗaukar mata, alhali maza da yawa suna ganin ba wurinsu ba ne. Sai a 1870 mata huɗu, Bettie Locke ce a gaba, suka kafa Kappa Alpha Theta don su dafa wa juna, su nuna su ma za su iya karatun. A 1908 ɗalibai baƙar fata a Jami'ar Howard da ke Washington suka kafa tasu, Alpha Kappa Alpha. Kamala Harris, wadda ta yi Mataimakiyar Shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, 'yar wannan ƙungiya ce. Ka ga ke nan asalin abin karatu ne da kare mutunci.

Har yau in ka tambaye su, za su ce maka suna da lokutan bita na dole, kuma a makarantu da yawa sakamakon 'yan ƙungiya ya fi na sauran ɗalibai mata. Ka ji kamar magana ta ƙare, ko? To, ba ta ƙare ba. Ai tun a bakin ƙofa suke tankaɗe. Wadda makinta bai kai ba, ba a ɗaukar ta. Wadda ta yi ƙasa, a yi mata gargaɗi ko a dakatar da ita. In ka tsince manyan doya ka tara gefe guda, ka ce tarin ne ya girmar da su?

Wasu masana tattalin arziki biyu, William Even da Austin Smith, sun bi diddigin abin a wata jami'a a Amurka. Tun da akwai makin da sai ka kai shi za ka nemi shiga, sai suka gwada waɗanda suka haye da kyar da waɗanda kaɗan ya rage su haye. Wato mutane ne masu ƙoƙari kusan ɗaya, bambancin kawai wannan ta samu damar shiga, waccan ba ta samu ba. Me suka gano? Shiga ƙungiya rage maki take yi, musamman a zangon da ake gwajin sababbin shiga, da lokutan da shagulgula suka yi yawa. Kuma ku saurara da kyau: raguwar ta fi tsanani a wajen maza masu irin waɗannan ƙungiyoyi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dare da rana awa 24 ne ga kowa. Awar da taro da liyafa suka ci, daga littafi aka yanko ta.

Saboda haka, 'yan uwa, kada yawan masu ƙoƙari a wuri ya ruɗe ku. Tambayar ita ce, me wurin ya ƙara musu? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ne, amma sai in aikin ake yi tare. Kowa ya ɗauko sakamakonsa na bara da na bana ya ajiye, ya ƙirga awowinsa na mako guda, ya yi wa kansa hisabi kafin jarrabawa ta yi masa.

Nan zan tsaya. Wassalamu alaikum.