Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Matasa Masu Koyon Aikin Wutar Sola a Daura

 

Wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu masu daraja, shugabannin wannan makaranta, iyayen yara, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanmu da ganin wannan rana.

An nemi in ce wani abu a kan gardamar da ake ta tafkawa a ƙasar nan game da inda ya dace wutarmu ta riƙa fitowa. Ni tsohon ma'aikacin lantarki ne, kuma ina da ɓangaren da na karkata, ba zan ɓoye muku ba.

Mafi yawan wutar da ke bin babban layin ƙasa daga iskar gas take, kusan kashi uku cikin huɗu. Sauran daga madatsun ruwa ne: Kainji da aka kammala a 1968, sai Jebba, sai Shiroro, sai Zungeru mai megawat 700 da ta shigo daga baya. Gas yana da alfanu babba, domin tasharsa ba ruwanta da dare ko rana, rani ko damina. Amma gas ɗin a Neja Delta yake, tashoshin ma akasari a kudu suke, kuma duk ranar da bashi ya taru a kan kamfanonin, ko aka fasa bututu, injuna sai su yi shiru. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne zai kawo gas kusa da mu. Ina goyon bayansa ba tare da wata-wata ba, domin babu masaƙa ko kamfanin casar shinkafa da za su rayu a kan batir.

Wutar madatsa ita ce mafi araha idan an gama gini, sai dai ginin kan ci shekaru, yakan tashi garuruwa kamar yadda Kainji ta tashi tsohuwar Bussa, kuma idan ruwa ya ja baya da rani wutar ma ja baya take yi. Madatsar Mambilla kuwa, tun muna samari muke jin labarinta. Masu maganar nukiliya suna nuna mana yuraniyom ɗin Arlit a maƙwabta, amma ƙasar da gyaran taransifomar unguwa ke gagararta wata da watanni, gara ta yi haƙuri tukuna.

Abin da masu gardamar Abuja ba su cika kulawa da shi ba shi ne nisa. Daura a wutsiyar layi take. Wutar da za ta kunna fitila a Baure ko Zango ko Mai'aduwa sai ta ratso ɗaruruwan kilomitoci a kan turaku, cikin dazuzzukan da kowa ya san halin da suke ciki. A watan Oktoba na 2024 an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga gyara, layin da ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya faɗi, Arewa ta kwashe fiye da mako guda a duhu. Tashoshin suna can suna iya aiki, hanyar kawo wutar ce ta yanke. Mai walda ya zauna, mai ƙanƙara ya yi asara, mai injin markaɗe ya koma sayen mai a farashin bayan cire tallafi.

Wannan ne ya sa na karkata ga rana. Ita ce makamashin da ba sai an yi mana dakonsa daga wani wuri ba. Famfon sola a bakin madatsar Sabke zai ba manomin rani ruwa a daidai lokacin da rana ta fi zafi, ba batir, ba galan ɗin fetur. Rijiyar burtsatse, firjin allurar rigakafi a asibitin ƙauye, ajin dare na makarantar allo, duk rana za ta ɗauke su.

To, amma kada ku fita daga nan kuna yi wa mutane alkawarin da ba za ku cika ba. Sola tana da nata tsadar, kuma a tashi ɗaya ake biyanta, da kayan da ake shigowa da su da dala, galibi daga ƙasar Sin. Rana na faɗuwa sai batir, shi ne kuma ya fi komai cin kuɗi, zafinmu na bazara yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu tana lulluɓe faranti ta rage masa ƙarfi, in ba a goge ba. Tsohon batir mai dalma kuwa guba ne. Mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinari ta zo. Kada ku bari a fasa shi a tsakar gida.

Darasin da ya fi kusa da mu yana Lambar Rimi. Fankoki 37 aka shirya kafawa don samar da megawat 10 daga iska, aikin da aka faro tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Iskar tana nan, ba ta daina kaɗawa ba. Amma kamfanin na Faransa ne, ƙwararrun na waje ne, kayan gyaran ma daga waje. Da aka sace injiniyansu a Rimi a watan Disamba na 2012, aikin ya tsaya, ya koma tafiyar hawainiya shekara da shekaru. Ku duba fitilun sola na kan titunan garuruwanmu, nawa ne suka mutu bayan an yanke ƙyalle an tafa, alhali abin da ya lalace bai wuce batir ko wata 'yar waya ba? An sayo na'ura, ba a tanadi hannun da zai riƙe ta ba. Ku ne wannan hannun.

Saboda haka ina da roƙo ga hukuma, ta hannun iyayen ƙasa. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, a watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Yanzu Jihar Katsina tana da hurumin tsara nata. Ina roƙon duk kwangilar sola da za a bayar a ƙananan hukumomi biyar na wannan masarauta, a rubuta kuɗin gyara na shekaru a cikinta, a kuma ɗauki masu gyaran daga cikin waɗannan yara.

Ku kuma 'ya'yana, ku auna kafin ku ɗaura. Wanda ya zo da kuɗin fitila da fanka yana son firji da famfo, ku gaya masa gaskiya ko da zai tafi wurin wani. Kada ku sa siririyar waya inda kauri ake bukata don ku ci 'yar riba, gobara ake tarawa. Kuma ku bar wa kowane mai gida lambar wayarku, ku ɗauka idan ya kira.

Allah ya yi muku albarka, ya sa wa sana'arku albarka, ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri. Allah ya ja zamanin Sarki.