Kayan Haƙa na Gaskiya a Wasan Kwaikwayon Tarihi



Idan aka ce wa masu wasan kwaikwayo su nuna yadda aka gina ganuwar Kano, abin da za su fara nema shi ne riguna da rawuna da dawaki. Kayan haƙa kuwa sai ranar wasa ake tunawa da su, a aika yaro ya aro diga da shebur daga wurin magina. Nan ne kuskuren yake, domin mai kallo zai tashi da hoton aikin da ba a taɓa yi haka ba.

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Diga da shebur kuwa sunayensu ma sun tona asirinsu: kalmomi ne da aka aro daga Turanci. Sun yaɗu ne bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, musamman da aikin hanyar jirgin ƙasa wadda ta iso birnin a 1911, da haƙar kuza a Jos. Har yau tsofaffi in sun ce "aikin diga", aikin tilas na zamanin Turawa suke nufi. Watau tsakanin Rumfa da shebur akwai shekara fiye da 400.

Wani zai ce ai haƙa haƙa ce, ko da me aka yi ta. Ba haka ba ne. Mai shebur yana tsaye, yana cilla ƙasa nesa shi kaɗai. Mai galma ko fartanya a sunkuye yake, yana jawo ƙasa zuwa tsakanin ƙafafunsa, kuma lalle sai da wani a kusa mai tara ta a kwando, da wani mai ɗauka a ka. Saboda haka kayan aiki su ne ke faɗin yawan mutanen da ake bukata, da yadda za su jeru, har da saurin kiɗan da makaɗi zai yi musu. In an canza kayan, an canza gayyar gaba ɗaya.

Masana tarihin ƙasa na Ingila sun fahimci wannan tun da daɗewa. A 1960, a wani tudu mai suna Overton Down, suka haƙa gwalalo suka tara ganuwa irin ta mutanen da suka zauna can kafin a san ƙarfe. Ba su yi zato ba wajen zaɓen kayan aiki. Sun dubi abin da aka tono a wurare kamar Grime's Graves, inda akwai ramuka fiye da 400 na haƙar dutsen ƙyastu, da gwalalon Stonehenge, inda mahaƙa suka bar kayansu a ƙasan rami kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Kayan nan su ne ƙahon wata irin barewar Turai mai rassa, wadda ke zubar da shi kowace shekara, da allon kafaɗar sa. Da irinsu suka haƙa wani sashe, suna kwashe allin da kwanduna, wani sashe kuma da kayan zamani, suna auna lokaci don su kwatanta. Sa'an nan suka tsara a riƙa yanka ganuwar ana dubawa bayan shekara 2, 4, 8, 16, 32, har zuwa 128, don a ga yadda take zaizayewa. Waɗanda suka fara aikin sun san ba za su ga ƙarshensa ba.

Wanda ke neman kayan ganuwar Kano yana da sauƙi ta wata fuska, yana da wuya ta wata. Wuyar ita ce ƙarfe ba ya jimre zama cikin ƙasa kamar ƙaho cikin alli, tsatsa ke cinye shi, ƙota kuma gara ke gamawa da ita. Ga shi ƙarfe abu ne mai tsada a da, in fartanya ta lalace ba a yar da ita, maƙeri ake kai wa ya mai da ta wuƙa ko lauje. Sauƙin kuwa shi ne sana'ar ba ta mutu ba. Maƙeri na nan, yana iya ƙera galma da dagi da fartanya, ya ƙona wutsiyar ƙarfen ya cusa ta cikin ƙota yadda ya gada, ba tare da ƙusa ko walda ba. Kududdufan da ke bin ganuwa kuma shaida ne na inda aka ɗebo ƙasar.

Amma a nan ma akwai tarko. Maƙerin yau da tsohon ƙarfen mota yake aiki, na kakanninsa kuwa daga tama aka narko shi, kamar yadda aka yi a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Siffa ta gado ce, ƙarfen baƙo ne, ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa bai dakushe ba. Ga mai wasa a dandali wannan ba laifi, mai kallo ba zai bambanta ba. Ga ɗalibin da yake so ya auna kwana nawa mutum 100 za su yi su tara taku 10 na ganuwa, lissafinsa zai fito da sauri fiye da gaskiya, sai ya rubuta irin ƙarfen da ya yi amfani da shi a gefen sakamakonsa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da gidan tarihi irin Gidan Makama a dubi tsofaffin kayan da aka ajiye, a auna su, a zana su. Daga nan a tafi wurin dattijon maƙeri da zanen, a kuma saurari gyaran da zai yi masa, domin sau da yawa shi zai ce wannan ta noma ce, ba ta haƙa ba. A ƙarshe a ba mahaƙin rijiya ko mai yin tubali ya gwada ta a busasshiyar ƙasa ta rani, ya faɗi ko ƙotar ta yi tsawo.