Daga Buga Ƙwallo Zuwa Riƙe Usur: Jawabi Ga Matasanmu

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maza da mata. An ce in yi wa matasa magana a kan wasanni, to ni alƙalin wasa na zaɓa, wato rafali, mutumin da kowa ke zagi amma ba a iya wasa sai da shi.

Zan kawo misali daga Amurka. Can suna da wata ƙwallo mai kama da zari-ruga, ana sa hular kwano ana karo kamar raguna. Akwai wani ɗan wasa, Terry Killens, wanda ƙungiyar Houston Oilers ta ɗauka a 1996. Ƙungiyar ta koma jihar Tennessee, ta zama Titans, kuma da ita ya je wasan ƙarshe da suke kira Super Bowl a watan Janairu na 2000. St. Louis Rams ta ci su 23 da 16. A daƙiƙar ƙarshe aka kayar da ɗan wasansu saura yadi ɗaya ya kai layi. Yadi ɗaya fa, jama'a, ko yaro bai isa a yi wa riga da shi ba!

Da ya ajiye wasa bai zauna yana ba da labarin jiya ba. Ya koyi alƙalanci, ya yi shekaru a wasannin jami'o'i, sai a 2019 babbar hukumar wasan, NFL, ta ɗauke shi. A watan Fabrairu na 2024 ya koma Super Bowl a Las Vegas cikin rigar alƙalai mai ratsin baƙi da fari. Shi ne na farko da ya buga wannan wasa kuma ya yi masa alƙalanci. Abin da ya fi burge ni, cikin masu karawa ranar har da San Francisco 49ers, ƙungiyar da ya taɓa yi wa wasa. Aka amince masa, kuma ita ce ma aka ci, 25 da 22.

To mu dawo gida Kafanchan. Mun san yadda wasan unguwa da unguwa ke rikiɗewa. Fanareti ɗaya, sai a ce an yi don ƙabila ko don addini, sai jifa. Garin da ya ga abin da ya gani a 1987 bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba. Sau nawa ake jawo wani daga 'yan kallo a miƙa masa usur, bai san doka ba, ga tsoro?

Alhali ga tsofaffin 'yan wasanmu nan, gwiwa ta gaji amma ido na gani. Sun san ketar fili, don su ma sun yi ta. Sun buga tare da Bajju da Fantsuwam da Kagoro, kowa ya san su. Abin da ya rage musu shi ne horo da jarrabawa ta hannun ƙungiyar alƙalan wasa. Ina roƙon wannan ƙungiya tamu ta ɗauki nauyin mutum biyu ko uku a bana. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.